Bul Biyu daga Kwatano

Tun ranar da na sauko daga motar Ƙonni ban huta ba. Duk wanda na gamu da shi, daga kasuwar dabbobi har ƙofar gidan waya, tambayoyinsa ba sa wuce uku: yaya Kwatano, da gaske ne teku ba ta da ɗaya gaɓar, kuma me ya kai ni sayo waɗannan baƙaƙen abubuwa alhali an ce akwai masu walƙiya? Na ba da labarin nan har bakina ya gaji, kuma na lura duk lokacin da na sake shi sai ya ƙara tsawo. Jiya ma na ji kaina ina zuba wa teku kadoji. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya kafin in zama maƙaryaci.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Isuhu mai allurar shanu, na ma'aikatar dabbobi ta Tawa, rabin shekara ina tsakanin Barmu da Takanamat ina bin garke. Ga wanda bai san bul ba kuwa, wasa ne da Faransawa suka bar mana tare da burodi da yawan takardu. Ƙwallaye ne na ƙarfe, kowace ta cika tafin hannu. Ana jefa wani ɗan ƙwallon itace can gaba, sai kowane ɓangare ya yi ƙoƙarin kwantar da bul ɗinsa kusa da shi. Faransawa suna kiran ɗan itacen nan da sunan ɗan alade, mu a Tawa mun musuluntar da shi, ɗan akuya muke ce masa. Mutum uku ke ɓangare ɗaya, kowa da bul biyu, akwai mai kwantarwa, akwai mai harbi wanda aikinsa ya daki ta abokan karawa ya kore ta.

A duk Adar babu mai kwantarwa kamar Sarjan Arzika. Tsohon soja ne, mutumin Barmu. A Faransa ya koyi wasan, can kuma ya baro ƙaramin yatsansa na dama da na kusa da shi, da yatsa uku yake jifa. Shi ya koya wa kowannenmu a filin bayan gidan waya. Bul ɗinsa biyu irin na da ne, itace da aka lulluɓe da kawunan ƙusoshi. Wata la'asar Mushe Halidu, malamin lakwal, wato makarantar boko, wanda shi ne mai harbinmu kuma shugaban 'yan wasa, ya auna ɗaya da tasa ta ƙarfe, ta tsage biyu kamar goro.

Sarjan ya gwada namu ɗaya bayan ɗaya. Duk sun yi masa girma, ko santsi, ko duka biyun. Sai ya ɗaga hannu zai jefa, ta sulluɓe ta faɗi a gabansa. Mun yi dariya ranar, har da ni. Ga shi saura wata ɗaya da 'yan kwanaki mu kara da mutanen Ƙonni a bikin jamhuriya, kuma a wannan shekara ta biyu da samun mulkin kai babu garin da ke son a ce an ci shi. Samari suka fara gunaguni. Da aka ji ma'aikata za ta tura ni Kwatano, can bakin teku a ƙasar Dahomai, in rako firijin kananzir na ajiye maganin allura, sai Mushe Halidu ya yanke magana a gaban kowa.

"Baba, ba raini ba na. In Isuhu ya kawo wadda ta zamna hannunka, kai za ka kwantar muna. In ba ta zamna ba, sai mu sa wani."

Sarjan ya ɗauki bul ɗinsa guda da ta rage ya tafi gida. Mutum ne da ba shi da gona mai yawa, 'ya'yansa sun watse neman abinci, filin nan ne kaɗai wurin da har yanzu ake yin shiru idan ya miƙe.

Da safen tafiyata sai ga shi da ƙulli biyu.

Na ce, "Baba, da ka ba ni wadda tar rage in tahi da ita in gwada, ai ya hi sauƙi."

"Wagga? Ta ƙetare ruwa sau guda, ba ta ƙarawa. Ga awo nan na yi ma."

Ƙulli na farko curin yumɓu ne, ya karɓo da sassafe wajen maƙwabciyarsa mai ginin tukwane, ya mulmula shi a hannunsa har ya zauna daidai, ga shatin yatsunsa uku a jiki, da sauran danshinsa. Na biyu gero ne a cikin tsumma, ya sa mahauci ya auna masa a sikeli daidai da nauyin tsohuwar bul ɗin. Ya miƙo mini kuɗin da ya cire daga fanshonsa, ya ce, "Girma ga shi, nauyi ga shi. Ko makaho anka aika ba shi ɓata."

Daga Tawa zuwa Ƙonni babu abin faɗi, kowa ya san hanyar da abin da take yi wa ƙugu. A Ƙonni na yi ta ɓoye ƙullina kamar wanda ya saci kaza, don kada abokan karawarmu su ji halin da muke ciki. Na samu babbar mota mai zuwa Dosso, muka zauna a kan buhunan albasa, muka ratsa Dogon Dutsi. Na ɗora yumɓun a cinyata cikin hula, rana tana dukanmu ni da shi, ina ta jin daɗi yana ƙara tauri, don a ganina ba zai fashe ba ke nan.

A Dosso wata Bazabarma ta shigo da kwandon kaji, ta ajiye shi dab da jakata. Mace ce mai fara'a, Hausarta ba ta fi cikin cokali ba, nawa Zabarmancin kuwa gaisuwa ce kawai. Ta ba ni kwaɗon zogale irin nasu wanda ya ji ƙuli da barkono, na ci na yi nak, zafi ya taru da ƙoshi, barci ya kwashe ni da rana tsaka. Da na farka kusa da Gaya sai na ji ƙwas-ƙwas a gefena. Kaji uku sun zuro kawuna ta ramukan kwando, sun huda tsumman Sarjan, suna ta sha'aninsu. Na fizge ƙullin, ya koma kamar rabi. Na yi ta yi wa matar bayani da hannu da ƙafa cewa wannan ba abinci ba ne, awo ne. Ta dube ni, ta dubi geron, ta yi dariya har da hawaye, sannan ta laluba cikin kwando ta ba ni ƙwai biyu. Na karɓa, don ai da gerona aka yi su, ko za a yi.

Nauyi ya tafi ke nan tun ban bar ƙasarmu ba. Na ce ba komai, ai girman yana nan.

A ƙetaren gadar Gaya aka sauke mu don binciken duwan, wato 'yan kwastan, na Dahomai. Jami'in da ya buɗe jakata dogo ne mai gashin baki, da Faransanci muka yi magana. Ya ɗago curin yumɓu ya jujjuya, ya kai kunne ya girgiza.

"Me ke ciki?"

"Ƙasa ce, ranka ya daɗe, ciki da waje."

"Mutum ya taso daga Tawa da ƙasa zai kai Kwatano? An ce maka mu ba mu da ita?"

Ya jawo wata 'yar guduma. Na kwashe labarin Sarjan kaf na gaya masa, ina yi ina kallon gudumar. Ashe mutumin ɗan bul ne na gaske. Fuskarsa ta washe, ya fito daga bayan tebur, ya haɗa ƙafafu, ya durƙusa, ya lilo hannu baya da yumɓun kamar zai jefa. Ban san lokacin da na riƙe hannun ma'aikacin gwamnatin wata ƙasa da hannu biyu ba. Bai ji haushi ba. Ya ce in sayi farar nan mai tambarin kifi, ita ce sarauniya, duk wanda ya gaya mini wani abu daban bai san wasa ba. Ya sa na yi masa alkawarin nuna masa idan na dawo.

Daga nan ƙasa ta fara sauyawa. Itatuwa suka yi ta ƙaruwa, gero ya ɓace, doya ta karɓi gari. A Faraku na kwana a masaukin 'yan mota, na ci sakwara karon farko. Mu mun saba da tuwo mai tsayawa a baki a yi hira da shi, ita wannan kafin ka ce bismilla ta wuce. Amma cukunsu na nono, wanda suke soyawa su jefa a miya, ban ga laifinsa ba ko kaɗan, na ce da Fulanin Takanamat sun gani da sun koya. Kashegari na hau jirgin ƙasa. Ban taɓa hawa ba, don haka na yi zaman mutunci na awa guda, daga baya na ga kowa ya zuro kai ta taga yana cinikin ayaba da lemo a kowace tasha, ni ma na saki jiki. Wanda ke kusa da ni dattijo ne mai tabarau da jakar takardu, amma zane ya ɗaura ya yafa a kafaɗa. Da a Tawa ne da an ce gobara ta fitar da shi daga wanka. Shi kuwa kallon babbar rigata yake da tausayi, kuma kafin mu isa na gane dalili, don gumi ya manna mini ita a baya.

Teku dai na gan ta. Ruwa ne mai yawa, ba ya shayuwa, ba a ban ruwa da shi, kuma ba ya yin shiru. Wata doguwar gadar ƙarfe ta shiga cikinsa, a nan ake sauke kaya daga jirage. A nan aka gaya mini firijin ya iso lafiya, amma takardunsa sai nan da kwana huɗu.

A Zango na sauka, gidan wata Inna Mariyama mai saukar da baƙi 'yan arewa. Da ta ji bakina sai ta tafa hannu.

"Ba'adare na wanga. Daga ina?"

"Tawa, Inna."

"Ni ɗiyar Ƙonni ta. Shekara ashirin ina nan, ban ga wanda zan ma tsiya ba sai yau."

Ta kawo mini wani farin abu mai tsami a naɗe cikin ganye, kamar kamu ya daskare, da miyar manja, da wata halitta mai ƙafafu da yawa kwance a tsakiya. Na tambayi sunanta, ta ce ƙaguwa. Na ce a garinmu idan muka ga irin wannan takalmi muke nema. Ta ce ai shi ya sa muke a bushe. Na ci farin abin, na bar ƙaguwa ta huta.

Da safe na nemi kantin da ake sayar da bul. Babban kanti ne na kayan ƙarfe, mai kula da wannan sashe wani ɗan ƙasar ne, Mushe Kosi, gajere mai saurin magana. Ni a zatona bul bul ce, sai ka ce a ba ka biyu ka tafi. Sai ya jera mini akwatuna a kan tebur ya fara karatu. Kamfani uku suke kawo musu daga Faransa. Mai tambarin rana tagulla yake yi, rawaya, mai laushi, idan ta faɗi ba ta cika tsalle ba, amma duk dukan da ta sha sai ya bar mata tabo. Mai tambarin kifi farin ƙarfe ne wanda ba ya tsatsa, kana ganin fuskarka a jiki, ita ce jami'in gada ya yaba. Mai tambarin guduma baƙin ƙarfe ne, ba kyan gani, kuma yana son a riƙa shafa masa mai. Kowane kamfani kuma yana da iri-iri a ƙarƙashinsa, mai tauri da mai laushi, mai sumul da mai zane, kuma kowace bul an buga mata nauyinta a jiki. Akwai wasu can gefe, shida a akwati, ba tambari. Ya ɗauki ɗaya ya girgiza mini a kunne, na ji yashi yana motsi a ciki. Ya ce waɗannan na masu zuwa shan iska ne, kada ma in dube su.

Na ciro yumɓuna da alfahari na ce ga girman da nake so. Ya ɗauko wani ƙarfen awo mai baki biyu ya kama curin da shi, ya duba, ya sake kamawa ta wani gefen.

"Shekarar yaron nawa?"

"Wane yaro? Tsohon soja ne, ya kusa sittin."

"To wannan bai kai mafi ƙanƙantar bul ɗin manya ba. Babu kamfanin da ke yin irinta sai don yara, kuma ba a yarda da ita a gasa."

Ya jawo wani ɗan akwati mai hoton yara biyu da gajeren wando. Na gwada da yumɓun, daidai wa daida. Na tsaya ina tunani. Awon Sarjan ne, da hannunsa ya yi, ni ɗan aike ne. Amma in shiga filin bayan gidan waya in miƙa masa akwatin yara a gaban Mushe Halidu da samarin nan? Gara a ce mota ta faɗi da ni. Na ce wa Mushe Kosi zan dawo gobe.

Inna Mariyama ta ga na kasa cin abinci, ta matsa, na gaya mata. Ta karɓi curin ta ƙwanƙwasa da farce.

"Ɗanye anka ba ka shi ko busasshe?"

"Ɗanye, Inna. Bisa hanya yab bushe."

Ta yi dariyar da sai da maƙwabta suka leƙo. "Kai da tsohon naka, duk ba wanda yat taɓa gina tukunya? Uwata maginiya ta. Yumɓu in ya sha rana tsukewa shika yi. Ka gina tulu, ka iske ɗan tulu. Ku maza kuna ganin tukunya bisa wuta, ba ku tambayar ƙaƙa taz zo."

Na ce to yanzu nawa ya tsuke? Ta ce wannan sai Allah, ya danganta da irin ƙasar da yawan ruwan da aka sa. Na zauna na yi tagumi. Kaji sun cinye nauyi, rana ta cinye girma, ni kuwa na ƙetare ƙasa guda da dunƙulen ƙasa a hula.

Ta ce, "Miƙo hannunka. Da naka da nashi wane ya hi?"

Na tuna yadda muke gaisawa, na ce kusan ɗaya ne, sai dai nasa ya fi tauri. Ta yage bakin wani tsohon zane, ta lanƙwasa ƙaramin yatsana da na kusa da shi cikin tafi, ta ɗaure tam.

"To ga Sarjan nan. Kai shi kanti ya zaɓa da kai nai. Kuma kak ka kwance sai ka gama. Allah ya sa ba garinmu nika kashewa ba."

Mushe Kosi ya ga hannuna ya ɗauka rauni na ji. Da na yi masa bayani sai abin ya burge shi, ya ce a kan tebur ba a sanin bul, in zo da la'asar inda suke wasa kusa da tashar jirgi, can akwai kowane iri a hannun mutane.

Wasansu da namu ɗaya ne, amma zamansu daban. Mu shayi da goro, su kwalabe. Mu idan Sarjan zai jefa ko tari ba a yi, su kowa malami ne, mai jifa yana jifa ana gaya masa kuskurensa. Kuma suna da wata al'ada da ta ɗaure mini kai. Ɓangaren da aka ci goma sha uku ba ko ɗaya, sai a ɗauko hoton wata mata daga cikin akwati, a buga ƙararrawa, su durƙusa su sumbace shi. Ba zan faɗi wane gefen matar aka zana ba, malamai na karanta rubutuna. Na ce musu mu a Tawa goro kawai ake saye, suka ce ashe ba mu san zafin faɗuwa ba.

Suka ba ni aron bul ɗinsu da murna, don sun samu abin kallo. Na fara da mai kifi. A hannu mai yatsa biyar sarauniya ce, ban musa wa jami'in gada ba. A yatsa uku, da ɗan gumi, kyan ɗan maciji ce. Na lilo hannu baya, ta zame ta sauka a kan babban yatsan ƙafata. Suka kwashe da dariya, irin dariyar da muka yi a bayan gidan waya, ina tsalle da ƙafa ɗaya ina jin ta a kunnena. Wallahi ba zafin ƙafar ya fi damuna ba. Kunya ce ta rufe ni, don sai a lokacin na san abin da muka yi wa tsohon nan.

Mai rana ta fi zama a hannu, kuma a filinsu tana kwanciya inda ta faɗi. Har na fara son ta. Amma wannan kamfani ƙananan nasa duk masu sumul ne, masu zanen sai daga matsakaita zuwa sama, kuma matsakaiciya ba ta shiga yatsa uku sai an matse, idan an matse kuwa jifa ba ya tafiya daidai. Sannan na lura da wani abu. Filinsu yashi ne mai laushi, ko tulu ka jefa zai zauna. Namu na Tawa tsakuwa ce da jan dutse. Na tambaya ko akwai wuri mai tsakuwa, suka nuna mini bayan rumbun kayan jirgi. Kashegari can na koma ni kaɗai da bul biyar na aro a cikin buhu.

Kwana uku na yi ina wannan aiki, safe in je neman takardun firiji, la'asar in je gwajin jifa. Ban kwance hannun ba sai don alwala, har abinci da yatsa uku nake ci, Inna tana tsaye a kaina kamar jandarma. A kan tsakuwa mai kifi tsalle take kamar ɗan akuya ya ga uwarsa. Mai guduma mai tauri ma haka. Amma a cikin masu guduma akwai wata mai ɗan laushi, mafi ƙanƙanta a na manya, an yi mata zane rututu kamar tsagen Bagobiri. Yatsa yana samun wurin kamawa, kuma idan ta faɗi sai ta yi 'yar tafiya ta tsaya. Na gwada mai nauyi, kafin jifa goma wuyan hannuna ya fara rawa. Na koma mai gram ɗari shida da tamanin, ita ce na iya jefawa har magariba. Duk da haka kullum da ciwo nake komawa, daga wuyan hannu har gwiwar hannu.

Da na gaya wa Mushe Kosi zaɓina sai ya ɓata fuska. Ya ce wannan ita ce mafi muni a kantin, kuma za ta yi tsatsa cikin wata guda idan ta ji danshi. Na ce masa a Tawa danshi mu ma nemansa muke, idan bul ta samo shi sai mu bi ta mu haƙa rijiya. Ya naɗe mini biyu a takarda mai maiƙo.

Inna Mariyama ta kwance mini hannu da kanta, ta ba ni soyayyen kifi na hanya, ta ce in gaida Ƙonni idan na ratsa, kuma in gaya wa tsohon ya riƙa tambayar mata kafin ya yi awo. Dawowa ba ta da labari sai na firiji, wanda na rungume tun daga Faraku kamar mara lafiya. A gada jami'in nan ya buɗe takardar, ya dubi baƙaƙen bul ɗin, ya dube ni, ya mayar ya naɗe. Ko sallamata bai amsa da kyau ba.

Ranar da na iso, bayan la'asar, filin bayan gidan waya ya cika, har da waɗanda ba su taɓa riƙe bul ba. Na buɗe takardar. Wani daga cikin samari ya ce, "Hab bakin teku kat tahi kas sawo muna gawayi?" Aka yi dariya. Mushe Halidu bai yi ba, ya jefa ɗan akuya can wajen taki takwas, ya ja da baya.

Na ɗauki ɗaya na miƙa wa Sarjan. Bai dubi bul ɗin ba, hannuna ya duba. Ashe da yatsa uku na riƙo ta, sauran biyun na lanƙwashe a tafi, ban ma sani ba. Ya karɓa, ya jujjuya ta, ya goga ta a ƙasa, ya shiga da'ira ya durƙusa. Wuri ya yi tsit.

Ta farko ta tsaya nesa, ta rage kamar kamu biyu. Wani ya yi gyaran murya. Ni dai na fara tunanin ko mai rana ya kamata in sawo. Sarjan ya karɓi ta biyu, ya ɗan daɗe yana juya ta har yatsunsa suka samu zanen da suke so. Ya sake ta sama. Ta faɗi a kan tsakuwa, ta yi 'yar tafiyarta, ta je ta jingina da ɗan akuya.

Ya sa aka kwaso masa su, ya sake, ya kuma sake. A cikin jifa shida, huɗu ba ka iya zura tafin hannu tsakaninsu da ɗan akuya. Mushe Halidu ya je ya tsaya a kansu ya daɗe, sannan ya juyo.

"Baba, ranar Ƙonni kai ka hwara jihwa."

Sarjan ya gyaɗa kai kawai, kamar an gaya masa gobe Talata. Mutane suka rufe shi, kowa yana son ya taɓa gawayin. Da aka watse sai ya kira ni gefe, ya kama hannuna na dama ya juya shi. Shatin tsumman Inna yana nan a bayan yatsun, fata ta saɓule a wuri biyu.

"Ina yumɓuna?"

"Ya tsuke, Baba. Geron kuma kaji sunka cinye."

"Kwana nawa kad ɗaure su?"

"Ukku."

"Ni shekara goma sha takwas." Ya riƙe hannun bai saki ba, yana kallon ƙasa, har na fara jin nauyi. Can ya sake shi, ya tura bul ɗinsa cikin aljihun riga, ɗaya dama ɗaya hagu. "Gobe ka zo da wuri in gwada ma inda aka aza babban yatsa. Riƙon nan naka duk kuskure na."